Ƙuncin Rai a Kwanakin Kulle: Darasi ga 'Yan'uwa daga Tasawa da Mayahi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda zukatan bayi suke hannunSa, Yana ƙuntata su Yana yalwata su bisa hikimarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijani da halifofinsa, da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass.

Bayan haka, wannan darasi yana magana ne a kan ƙuncin da ke sauka a zuciyar muridi idan annoba ta raba shi da jama'a: yadda za a gane irin ƙuncin, da inda maganinsa yake, da haƙƙin da ke wuyan 'yan'uwansa a kansa. An ɗauki kwanakin korona na shekarar 2020 a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi a matsayin abin dubawa, domin annoba ba yau ta fara zuwa ba, kuma mai hankali tun da rani yake gyaran rufin ɗakinsa.

Abin da ya faru

Ranar 19 ga Maris 2020 hukumomin Nijar suka sanar da samun mutum na farko da ya kamu da korona, a Yamai. Kwana biyu kafin haka shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya riga ya ba da umarnin rufe iyakoki da makarantu, da hana taron da ya wuce mutum 50. Ba a jima ba aka dakatar da sallar jam'i da ta Juma'a. Ranar 27 ga watan aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka killace Yamai, aka sa mata dokar hana fitar dare. Ba a sake buɗe masallatai ba sai 13 ga Mayu, saura kimanin kwana goma a yi ƙaramar Sallah.

Tasawa da Mayahi ba a killace su kamar Yamai ba, amma dokar ta same su a mummunan lokaci. Bazara ce, rana ta take, hatsin rumbu ya yi ƙasa, damina ba ta faɗi ba. A irin wannan lokaci gidaje da yawa, daga Korgom da Hawan Dawaki har ƙauyukan Gulbin Kaba, suna jiran abin da 'yan ci-rani za su aiko daga Kano da Katsina da Legas, wasu daga Libiya da Aljeriya. Iyakar Najeriya kuwa tun Agusta 2019 take rufe, sai korona ta zo ta ƙara mata kwaɗo. A tsakiyar Afrilu aka kulle Kano. Wanda ya je neman kuɗi ya rasa aiki, hanyar dawowa sharar gona kuma ta yi masa wuya. Gwamnonin Arewacin Najeriya suka shiga maida almajirai garuruwan iyayensu, hankalin duk mai yaro a tsangayun can ya tashi. Hajjin shekarar, 1441, aka taƙaita shi ga mazauna Saudiyya kaɗai, dattijon da ya daɗe yana tara kuɗin kujera ya zauna gida.

A wasu wurare, kamar Mirya ta jihar Damagaram da unguwannin Yamai, fushin mutane ya fito fili har aka yi ƙone-ƙone. Wannan kowa ya ji a rediyo. Abin da rediyo bai faɗa ba shi ne wanda ke faruwa cikin ɗakuna idan irin wannan hali ya zo: magidancin da barci ya ƙaurace masa, matar da aka yi wa rasuwa ba a cika mata gida da masu ta'aziyya ba, saurayin da ya dawo daga Kano maƙwabta suna gudunsa, tsohon da bai san wata rayuwa ba sai tsakanin gida da masallaci. A watan Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar farko ta annobar, fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Ɗan ɗariƙa ɗan Adam ne, tasbaharsa ba ta fitar da shi daga cikin wannan lissafi ba.

Me ya sa naɗe izari ya yi nauyi

Duk ɗan Tijaniyya ya san wazifa: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, 'yan'uwa sun kewaye farin izari, murya ɗaya. Ya san zikirin Juma'a bayan La'asar har faɗuwar rana. Ladan wannan zama yana wurin Allah. Amma akwai wani alheri a cikinsa da ba a cika lura da shi ba sai da aka rasa shi. A da'irar wazifa ake ganin fuskar kowa kullum. A nan ake gane wanda ya rame, da wanda ya yi shiru fiye da yadda ya saba, da wanda wurinsa ya kwana biyu babu kowa. Bayan addu'a a yi musafaha, a tambayi iyali, mai bukata ya ja wani gefe ya faɗi bukatarsa. Da aka naɗe izari, wannan idon da ke kan kowa shi ma ya rufe.

Nauyin rabuwa da jama'a abu ne da Alƙur'ani ya yi shaida a kansa. Sayyidina Ka'abu ɗan Maliku da abokansa biyu (RTA) ba su fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira, sai Annabi (SAW) ya hana mutane yi musu magana har dare hamsin. Ba a ɗaure su ba, ba a taɓa dukiyarsu ba. Ka'abu yana zuwa masallaci, yana shiga kasuwa, amma ba mai amsa masa sallama. Suratut Tauba ta siffanta yadda ƙasa duk da faɗinta ta yi musu ƙunci, rayukansu ma suka ƙuntata. Su horo aka yi musu, mutanen 2020 kuwa ba laifi suka yi ba. Abin lura a nan shi ne: idan yankewar gaisuwa ta girgiza Sahabi haka, ba abin mamaki ba ne ta girgiza manomi a Mayahi.

Wasu sukan ce ai kulle halwa ce, muridi ya yi murna. Wannan magana tana da kyau ga wanda Allah Ya buɗa masa, amma ba a ɗora ta a kan kowa. Halwa ana shigarta da zaɓi, da izinin shehi, da adadin kwanaki sananne, akwai mai kawo abinci, akwai mai lura da halin wanda ke ciki. Kulle babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ban da haka, sanannen abu ne cewa tarbiyyar wannan ɗariƙa an gina ta ne a kan godiya da zikiri cikin mutane, ba a shardanta mata halwa ko ƙaurace wa jama'a ba. Don haka ɗan'uwan da kaɗaici ya yi masa nauyi bai saɓa wa wani sharaɗi ba.

Tsoron cewa Allah Ya yi fushi

Babban abin da ya dami masu ibada a kwanakin nan shi ne ganin ƙofar masallaci a rufe cikin Ramalana, babu asham, babu tafsiri. Wasu suka ɗauka an kore su ne daga ƙofar Allah. Ilimi ne maganin wannan tsoro.

A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta faɗa wa ƙasar Sham. Sayyidina Umar (RTA) yana kan hanyarsa ta zuwa can, da ya isa Sarg ya sami labari, ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'arsa. Abdurrahman ɗan Aufu ya tabbatar masa da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinsa don gudu. A wannan annoba Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (RTA) suka rasu, kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. Hafizi Ibnu Hajar Al-Askalani, wanda ya rasa 'ya'yansa mata a annoba ya kuma rubuta littafi a kanta mai suna Bazlul Ma'un, ya ba da labarin yadda mutanen Alƙahira suka taru don addu'a a shekara ta 833, mutuwa ta ƙaru bayan taron. Ya kuma inganta cewa Ibnu Abbas (RTA) ya sa ladaninsa ya ce wa mutane su yi sallah a gidajensu wata ranar Juma'a saboda ruwa da taɓo. Hadisin Abu Musa a cikin Bukhari ya nuna cewa wanda ciwo ko tafiya suka hana shi aikin da ya saba, ana rubuta masa ladansa cikakke, malamai kuma sun riskar da sauran uzurori na shari'a da wannan.

A ɗariƙa ma haka ne. Lazimin safe da na yamma dama mutum shi kaɗai yake yinsu. Wazifa ana neman yinta cikin jam'i idan akwai 'yan'uwa a gari kuma babu uzuri. Idan uzuri ya samu, mutum ya yi ta shi kaɗai ko da iyalinsa, kuma ta inganta.

Baƙin ciki ba ya kore imani

Kalmar da ta fi cutar da mai ƙunci ita ce a ce masa, "Imaninka ne ya yi rauni." Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yaƙubu (AS) da ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma Allah bai zarge shi ba. Shekara ta goma bayan aike, wadda Nana Khadija (RTA) da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, malaman sira suna kiranta shekarar baƙin ciki. Da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye. Abin da shari'a ta hana shi ne fushi da hukuncin Allah da furta abin da ba Ya so. Zafin zuciya da hawaye ba su cikin abin hani.

Nana A'isha (RTA) idan an yi rasuwa a danginta takan sa a dafa talbina, wani irin kunu na gari, a ba masu makoki, tana dogara da bayanin Annabi (SAW) cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana rage baƙin ciki. Wannan ya nuna cewa jiki da zuciya suna ɗauke da juna, kuma kwanon kunu ko furar da aka aika gidan mai damuwa yana cikin sunna.

Ƙunci iri uku

Wajibi ne muƙaddami da duk mai kula da 'yan'uwa ya iya rarrabe abubuwa uku, domin maganin ɗaya ba ya aiki a kan ɗaya.

Na farko shi ne ƙabdu, wanda malaman tasawwufi suka sani. Hali ne da ke zuwa wa mai suluki, zuciya ta tsuke, ɗanɗanon zikiri ya ɗauke, sannan basɗu ya biyo baya kamar yadda rana ke biyo dare. Imamu Ƙushairi, wanda ya rasu a shekara ta 465, ya yi bayaninsa a cikin Risalarsa. Idan an san dalilinsa, kamar wani saɓo ko rashin ladabi, sai a tuba. Idan ba a sani ba, sai muridi ya natsu ya sallama har ya wuce, kada ya yi ta kokawa da shi. Alamarsa ita ce mai shi yana ci, yana barci, yana zuwa gona, yana kula da iyalinsa.

Na biyu baƙin ciki ne mai sanannen dalili: rasuwa, karyewar jari, bashi, ɗa a wata ƙasa ba labari. Wannan yana bukatar kunnen da zai saurara, da hannu da zai taimaka. Wanda yunwar iyalinsa ta hana shi barci, tiyar gero ta fi masa dogon wa'azi amfani a wannan dare.

Na uku ciwo ne kamar sauran ciwuka, kuma malaman Musulunci sun riga likitocin zamani ganinsa. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322, daidai da 934 Miladiyya, ya bambanta a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauka haka kawai ya zauna, ya ce na biyun tushensa a jiki yake, yana bukatar magani tare da lallashi. Likitocin yau suna gane ciwon damuwa idan alamomi irin waɗannan suka taru suka wuce mako biyu: ƙunci kusan kullum, rashin jin daɗin abin da mutum ya saba so, lalacewar barci, rashin cin abinci ko rama, kasala mai nauyi, ganin kai ba shi da amfani, yawan tunanin mutuwa. Akwai kuma fargaba mai zuwa farat ɗaya da bugun zuciya da gumi da sarƙewar numfashi, wadda sau da yawa ake ɗauka iska ce ko sammu. Mai jego ma tana iya kamuwa da ciwon damuwa bayan haihuwa.

Baƙin ciki mai dalili idan ya daɗe ba mai dubawa yana iya rikiɗa ya zama wannan ciwo. Kuskure mafi haɗari shi ne a ga mara lafiya a ce ƙabdu ne, a bar shi da haƙuri alhali yana nutsewa.

Inda ake kai mara lafiya

Wanda alamomin ciwo suka bayyana gare shi a kai shi likita: CSI mafi kusa, ko asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi, su kuma su tura shi Maraɗi idan abin ya fi ƙarfinsu. Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, kuma shi da kansa ya yi. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a da rubutun sha suna tafiya tare da maganin likita, ba a ce wa mara lafiya ya ajiye ɗaya don ɗaya.

Abubuwa biyu ba sa jiran wayewar gari. Wanda ya ambaci kashe kansa, ko da cikin wasa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin feshi da igiya da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Tambayarsa kai tsaye cikin tausasawa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Haka wanda hankalinsa ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sandarewar wuya, musamman da bazara, domin yana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin sauro da ya hau kai.

Kada a sa wa mara lafiya mari, kada a doke shi da sunan fitar da aljani, kada a kai shi wurin boka ko 'yan bori. A kuma kiyayi ƙwayoyin masu talla a kasuwa. Tramol da magungunan sa barci da ake saya ba da takardar likita ba suna lafar da damuwa na ɗan lokaci, sannan su kama mutum kamun da ya fi ciwon farko.

Abin da muridi zai riƙe

Idan aka sake shiga irin wannan hali, muridi ya riƙe lokutansa. Sallah biyar da lazimi biyu da wazifa sun riga sun yanka masa yini gunduwa-gunduwa, kuma likitoci sun tabbatar cewa tsayayyen lokacin kwanciya da tashi yana cikin abin da ke kare lafiyar ƙwaƙwalwa. Ya shimfiɗa izari a tsakar gida, ya zauna da matarsa da duk mai izini a gidan. Ya yi zikiri a tsanake, kada ya ƙara wa kansa adadi ko wani sirri ba da izini ba don neman saurin yayewa, domin hana ido barci yana ƙara wa mai damuwa ciwo. Wanda ciwo ya yi masa tsanani ya sani malaman ɗariƙa sun sauƙaƙa wa mara lafiya a kan wuridi, ya tambayi muƙaddaminsa, kada ya ɗora wa kansa tsoron cewa ya fita daga ɗariƙa.

Ya motsa jikinsa, ko da zagayen gona ne ko ban-ruwan dabbobi. Ya rage sauraren saƙonnin murya na WhatsApp da ba a san tushensu ba, waɗanda a 2020 wasunsu ke cewa cutar ƙarya ce, wasu kuma suna ta ƙirga gawawwaki. Sannan ya faɗa wa wani amintacce abin da ke cinsa. Kai kuka ga Allah shi ne asali, amma gaya wa ɗan'uwa ko likita don neman mafita bai warware haƙuri ba.

Haƙƙin da ke kan muƙaddami da jama'a

Mai ciwon damuwa ba ya zuwa neman taimako da ƙafarsa, domin ciwon da kansa yana gaya masa cewa shi kaya ne a kan mutane. Saboda haka nemansa ake yi. Hukuma na iya hana taro don maslaha, amma zumuncin da ke tsakanin 'yan'uwa yana nan a wuyansu.

Kowace zawiya ta san mutanenta da sunayensu tun kafin wata annoba ta zo. Muƙaddami ya raba gidaje tsakanin almajiransa, kowa da waɗanda zai riƙa bincika, ta waya ko ta sallama daga ƙofar gida. A fara da tsofaffi, da matan da mazajensu ke ci-rani, da masu takaba, da waɗanda suka dawo daga tafiya ake ƙyamarsu. Mata su sami 'yan'uwa mata masu zuwa musu, domin akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. Kuɗin da aka saba tarawa don Maulidi ko ziyarar Kiyota da Kaulaha, idan tafiya ta gagara, masu shi su yi shawara a sayi hatsi da shi, ko a biya kuɗin motar kai mara lafiya asibiti.

Wanda ya je dubiya ya fi sauraro a kan magana. Kada ya yi gaggawar cewa wane ya fi ka shiga uku, kada ya yi alkawarin da ba zai cika ba, kada kuma abin da ya ji ya fita bakinsa a majalisa. Asirin mai ciwon damuwa amana ne. Kalmar "mahaukaci" idan ta fita a ƙauye tana hana aure, tana kashe ciniki, ita ce ke sa iyali su ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki har lokaci ya ƙure.

An buɗe masallatai tun 2020, an sake shimfiɗa izari, amma ba kowa ne ya dawo wurinsa ba. Akwai wanda jarinsa bai tashi ba, akwai wanda ya saba da zaman ɗaki har yau. Ya kamata kowane muƙaddami ya dubi da'irarsa ya tuna wa ke zama a wane wuri kafin korona, sannan ya aika a tambayo.

Allah Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kare Nijar da Najeriya da sauran ƙasashen Musulmi daga annoba, albarkar Shugaba (SAW). Amin.